Seluloz na bakteriya: zaren da ƙananan halittu ke saƙawa, da kayan nano da ake yi da shi

Seluloz na bakteriya wani farin abu ne mai santsi da danƙo, wanda wasu ƙwayoyin bakteriya ke saƙawa a saman ruwa mai sukari. A ido ya yi kama da yanar da ke kwanciya a kan kunu idan ya huce, sai dai ya fi ta kauri da ƙwari sosai. A ƙarƙashin babban madubin bincike kuwa, abin da ake gani saƙa ce ta zarurruka masu matuƙar siranta, waɗanda suka sarƙe da juna kamar komar masunta. Wannan siranta ce ta ja hankalin masu bincike, domin abin da masana'antu ke kashe wuta da sinadarai masu yawa kafin su ciro shi daga itace, bakteriya na bayar da shi a shirye. A yau ana yin bandejin ƙuna, da abinci, da kayan sauti da shi. Ingancinsa ba ya cikin shakka. Abin da ya hana shi yaɗuwa shi ne tsada da ƙarancin abin da ake girba.

Mene ne seluloz?

Seluloz shi ne ƙashin bayan tsirrai. Shi ke riƙe da karan gero ya tsaya, shi ne jikin auduga, da takarda, da igiyar rama. A cikin audugar da aka gurje, kusan kashi 90 cikin 100 seluloz ne. A cikin itace kuwa kashi 40 zuwa 50 ne. Masanin sinadarai ɗan Faransa, Anselme Payen, shi ya fara ware shi daga tsirrai a shekarar 1838.

A asalinsa, seluloz ƙwayoyin sukarin gulukos ne da aka jera ɗaruruwa ko dubbai, ɗaya na riƙe da ɗaya, kamar ƴaƴan carbi. Dogayen silan nan suna kwanciya gefe da gefe, su manne da juna, su zama zare mai ƙarfi wanda ruwa ba ya narkarwa. Cikin ɗan Adam ba ya iya niƙa shi. Shanu da raƙuma da gara suna cin gajiyarsa ne da taimakon ƙananan halittun da ke cikin cikinsu.

A jikin itace, seluloz a cuɗe yake da wasu abubuwa biyu, lignin da hemiseluloz, waɗanda ke aiki kamar laka a tsakanin tubala. Kafin a sami tsantsarsa sai an sare itacen, an farfasa, an dafa da sinadarai masu ƙarfi, an wanke. Na bakteriya ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan biyun.

Me ake nufi da nano?

Nanomita ma'aunin tsawo ne. Idan aka raba milimita 1 gida miliyan 1, kashi ɗaya shi ne nanomita 1. Kaurin silin gashin mutum yakan kai wajen nanomita 80,000. Ana kiran abu da kayan nano idan kaurinsa ko faɗinsa bai wuce nanomita 1 zuwa 100 ba. Zaren da bakteriya ke saƙawa yana da faɗin nanomita 20 zuwa 100, wato sai an jera kusan 1,000 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya.

Amfanin wannan ƙanƙanta kowace mai girki ta san shi. Dunƙulen kanwa yakan daɗe a ruwa bai narke ba, amma garinta nan da nan yake bin ruwa, saboda ko'ina a jikinsa ruwa na taɓawa. Haka zaren nano yake. Gram 1 nasa yana da fili mai yawan gaske inda ruwa, ko magani, ko wani sinadari zai iya maƙalewa. Shi ya sa ɗanyen seluloz na bakteriya kusan kashi 99 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, amma idan mutum ya ja shi da hannu ba ya yagewa da sauƙi.

Taƙaitaccen tarihi

A 1886, wani masanin sinadarai ɗan Ingila mai suna Adrian Brown ya binciki yanar da ke taruwa a saman ruwan khal lokacin da ake tsimar da shi. Ya gano cewa seluloz ce, kuma wata ƙwayar bakteriya ce ke yin ta. An sha sauya wa wannan ƙwaya suna; an daɗe ana kiran ta Acetobacter xylinum, yanzu kuma sunanta Komagataeibacter xylinus, don girmama masanin ƙananan halittu ɗan Japan, Kazuo Komagata. Ba ta sa wa mutum mai lafiya cuta. Ana samun ta a jikin ƴaƴan itatuwan da suka fara ruɓewa.

Kafin masu ilimin nano su waiwaye ta, masu abinci sun riga su. A ƙasar Filifin an daɗe ana tsimar da ruwan abarba a girbi yanar a ci. A 1949, wata masaniyar sinadarai mai suna Teódula Kalaw África ta nuna cewa ana iya yin haka da ruwan kwakwa, wanda ake samu duk shekara. Abincin da ya fito daga nan shi ake kira nata de coco: ƴan gutsattsari farare masu taushi da ake sawa cikin lemo da kayan zaƙi. A 1993 ya yi farin jini ƙwarai a Japan, har ya zama babbar hajar fitarwa ga Filifin. Yanar da ke saman shayin kombucha ma seluloz ɗin nan ce.

A 1954, masu bincike biyu a Birnin Ƙudus, Hestrin da Schramm, suka wallafa haɗin ruwan da ake kiwon wannan bakteriya a ciki. Har gobe shi ne ma'aunin da ɗakunan bincike ke gwada sauran haɗe-haɗe da shi: a kowace lita, gram 20 na gulukos, gram 5 na ruwan yis da aka busar, gram 5 na wani garin furotin, da ɗan gishirin fosfat da ɗan tsamin lemo.

Yadda bakteriya ke saƙa

Ƙwayar bakteriyar doguwa ce kamar ƙwayar shinkafa. A gefen jikinta akwai ƙananan ramuka jere a layi. Tana shan sukari, ta haɗa ƙwayoyinsa a cikin jikinta, ta turo su waje ta waɗannan ramuka. Silan da ke fitowa suna mannewa da juna nan take, su zama zare ɗaya mai faɗi kamar tsinken kaba. An ƙiyasta cewa ƙwaya ɗaya na iya jera ƙwayoyin gulukos har 200,000 a cikin daƙiƙa 1.

Bakteriyar na yin wannan aiki ne don kanta. Ba ta rayuwa sai da iskar oksijin, don haka take buƙatar abin da zai riƙe ta a saman ruwa. Yanar ta zame mata kwalekwale, ta kuma kare ta daga bushewa da zafin hasken rana. Wannan ne dalilin da ya sa saƙar ke faruwa a saman ruwa kawai, inda ruwa da iska suka haɗu. Sabon shimfiɗi na fitowa a sama, tsoho na nutsewa ƙasa.

Yadda ake noma shi

Hanyar da aka fi bi ita ce ta ajiye ruwa a tsaye. Ana dafa ruwa mai sukari don kashe duk wata ƙwaya da ke ciki, a bar shi ya huce, a ƙara masa ɗan tsami, sannan a zuba iri, wato ruwan da ke ɗauke da bakteriyar. Sai a zuba a cikin faranti masu faɗi marasa zurfi, a rufe da abin da iska ke iya ratsawa, a ajiye a wuri mai ɗumin digiri 28 zuwa 30. Ba a girgiza farantin. Bayan kwana 7 zuwa 14, yanar kan kai kaurin santimita 1 ko fiye, kuma tana ɗaukar siffar mazubin da ta girma a ciki.

Hanya ta biyu ita ce ta manyan tankuna da ake motsa ruwan ana hura masa iska. A nan seluloz ba ya fitowa a shimfiɗe, sai dai ƴan dunƙule-dunƙule. Wannan hanya ta fi dacewa da masana'anta, amma tana da illa: a cikin ruwan da ake motsawa, bakteriya ba ta buƙatar kwalekwale, don haka irin da ya daina saƙa yakan yi saurin hayayyafa ya rinjayi masu saƙar.

Bayan girbi sai wanki. Ana dafa yanar a ruwa mai ɗan soda, irin wadda masu yin sabulu ke aiki da ita, a zafin da ya kai wajen digiri 80, don narkar da gawarwakin bakteriya da ragowar abincinsu. Daga nan a yi ta ɗauraya da ruwa mai tsabta har sodar ta fita, yanar ta yi fari tas. Idan aikin asibiti za a yi da ita, wankin ya fi tsanani, domin ragowar jikin wannan nau'in bakteriya na iya jawo zazzaɓi idan ya shiga jini.

Daga yana zuwa kayan nano

Hanyoyi huɗu aka fi sani.

Ta farko, a bar saƙar yadda take. Idan aka matse ruwan aka busar, ana samun wani siririn faifai mai kama da takarda amma ya fi ta ƙwari nesa. Idan kuma aka daskarar da yanar ta zama ƙanƙara, sannan aka zuƙe ƙanƙarar a cikin na'urar da aka fitar wa iska, saƙar ba ta motsewa. Abin da ke saura wani farin soso ne mara nauyi, wanda kusan dukkan cikinsa iska ce.

Ta biyu, a warware saƙar. Ana markaɗa yanar, a tura ta da matsi mai ƙarfi ta wata ƴar ƙofa, zarurrukan su rabu su bazu cikin ruwa. Kaɗan daga wannan kunu ya isa ya sa ruwa ya yi kauri, ya kuma hana abin da aka zuba a ciki kwanciya ƙasa. Ana amfani da shi a sabulun ruwa da kayan shafa.

Ta uku, a yanyanka zaren da asid. A tsawon kowane zare akwai wuraren da silan suka jeru tsaf suka yi tauri, da wuraren da suka ɗan hargitse. Asid ɗin sulfurik, wanda aka fi sani da ruwan batir, yana fara cin wuraren da suka hargitse. Masu bincike kan yi amfani da shi a ƙarfin kashi 60 zuwa 65 cikin 100, kusan ninki biyu na wanda ke cikin batirin mota, a zafin digiri 45 ko kusa da haka. Idan aka tsayar da aikin a kan kari, abin da ke saura ƴan allurai ne masu tauri da ake kira kiristal na nano. Masanin ƙasar Suwidin, Bengt Rånby, shi ya fara bayyana wannan hanya wajen 1950. Waɗannan allurai suna da taurin da ya kusa na ƙarfe, alhali nauyinsu bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ƙarfe ba. A 1995, masu bincike a cibiyar CERMAV da ke Grenoble a Faransa sun nuna cewa zuba kaɗan daga irin waɗannan allurai na seluloz a cikin roba na ƙara mata ƙwari sosai.

Ta huɗu, a mayar da saƙar mazauni ga wani abu. Ana tsoma yanar cikin ruwan gishirin azurfa, ko na ƙarfe, sannan a sa sinadarin da zai sa ƙwayoyin nano su tsiro a jikin zarurrukan. A 2008, masu bincike a Tailan da Japan suka wallafa yadda suka dasa ƙwayoyin azurfa a cikin yanar don ta riƙa kashe ƙwayoyin cuta, abin da seluloz shi kaɗai ba ya yi. A 2010, wata tawaga a birnin Stockholm ta yi soso mai jan ƙarfe kamar maganaɗisu ta wannan hanya. A 2013 kuma, tawagar Shu-Hong Yu a birnin Hefei na ƙasar Sin ta gasa busasshen soson a wurin da babu iskar oksijin, kamar yadda ake yin gawayi, ta sami baƙin soso na zaren gawayi mai iya shan mai da sauran sinadarai ninki 100 zuwa 300 na nauyinsa.

Abin da ya riga ya shiga kasuwa

Ban da abinci, babban wurin da seluloz na bakteriya ya kafu shi ne jinyar rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 a duk shekara, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu a Afirka da kudu maso gabashin Asiya suke. Raunin ƙuna na buƙatar abin rufi mai riƙe danshi, mai barin iska ta ratsa, mai tare ƙwayoyin cuta daga waje, wanda kuma ba zai manne da sabon nama ya ɗaye shi ranar da za a sauya ba. Yanar bakteriya ta haɗa waɗannan siffofi, ga shi tana sanyaya wurin ta rage raɗaɗi. Kamfanin Biofill na birnin Kuritiba a Barazil ya fara sayar da irin wannan bandeji tun shekarun 1980. A Turai akwai Suprasorb X da epicite. Na biyun kamfanin JeNaCell ne na birnin Jena a Jamus ke saƙa shi, kamfanin da Evonik ya saya a 2021.

A fannin sauti, kamfanin Sony ya haɗa kai da Ajinomoto suka yi fatar lasifika da wannan seluloz, saboda taurinsa da rashin nauyinsa. A 1989 Sony ya fito da abin sauraro na kunne mai suna MDR-R10 da irin wannan fata, a farashi mai tsada sosai. Shagunan kayan kwalliya kuma suna sayar da shimfiɗin fuska da aka yi da shi.

Abin da ke hannun masu bincike har yanzu

A jami'ar Jena, tawagar Dieter Klemm ta sa bakteriya ta yi saƙa a kewayen wani siririn tsinke, aka sami bututu da aka gwada a jikin dabbobi a madadin ƙananan jijiyoyin jini. A jami'ar Kyoto, Hiroyuki Yano da abokan aikinsa sun nuna a 2005 cewa idan aka cika saƙar da wani ruwan roba, ana samun faifai garai-garai kamar gilashi, mai lanƙwasuwa, wanda zafi ba ya sa shi buɗewa, irin wanda ake nema don fuskar waya mai naɗewa. A Meziko, kamfanin Polybion na ciyar da bakteriya da ragowar ƴaƴan itatuwa, ya girbi yanar ya jeme ta ta zama madadin fata. A 2024, masu bincike a Imperial College da ke Landan sun sauya ƙwayar gadon bakteriyar har ta riƙa rina saƙarta baƙi da kanta, suka yi saman takalmi da jakar kuɗi da ita. Duk waɗannan gwaje-gwaje ne ko kaya ƴan ƙalilan. Ba su kai ga kowa ba tukuna.

Inda gizo ke saƙar

Matsala ta farko ƙarancin girbi ne. Tun da kashi 99 cikin 100 ruwa ne, kilo 100 na ɗanyar yana ba zai ba da fiye da kilo 1 na busasshen seluloz ba. A yawancin gwaje-gwaje, lita 1 ta ruwan kiwo gram kaɗan take bayarwa bayan jiran mako ɗaya ko biyu. Wani ɓangare na sukarin ma bakteriya na mayar da shi tsami maimakon zare, kuma idan tsamin ya yi yawa saƙar na tsayawa.

Ta biyu ita ce fili. Da yake saƙar a saman ruwa take faruwa, zurfafa mazubi ba ya ƙara komai. Mai son ninka girbi sai ya ninka faranti, da ɗakuna, da ma'aikata.

Ta uku kuɗin abinci. Ana ƙiyasta cewa ruwan kiwo kaɗai na cinye kusan kashi 30 cikin 100 na kuɗin samarwa. Shi ya sa bincike da yawa ya karkata ga ciyar da bakteriya da abin da ake zubarwa: baƙin ruwan da ke saura a masana'antar sukari, ɓawon ƴaƴan itatuwa, ruwan kwakwa, da ruwan da ke fita wajen yin cuku.

A ɗaya gefen kuma itace na nan da araharsa. Masana'antar CelluForce da aka buɗe a Kebek ta ƙasar Kanada a 2012 an gina ta ne don fitar da tan 1 na kiristal na nano a kowace rana daga ɓargon itace. A 2015, Akira Isogai da Tsuguyuki Saito na jami'ar Tokyo, tare da Yoshiharu Nishiyama na Grenoble, sun sami lambar yabo ta Marcus Wallenberg saboda hanyar da ta rage wutar da ake kashewa wajen warware zaren nano daga itace. Don haka kasuwa ta rabu biyu. Inda ake buƙatar tan-tan, kamar takarda da kayan ƙunshi, na itace ne ke gaba. Inda gram kaɗan ke da daraja kuma tsabta ta zama dole, kamar asibiti, na bakteriya ne ke cin kasuwa.

Wannan lissafi ya shafi masu fatan ganin ya maye gurbin leda. Gaskiya ne seluloz na ruɓewa a ƙasa, kuma ƙasashe da dama na neman mafita, ciki har da Nijar da ta kafa dokar hana siraran ledoji a 2014. Sai dai busasshiyar yanar na shan ruwa ta yi laushi idan ba a shafa mata wani abu ba, kuma farashinta ya yi wa na leda nisa.

Ga ƙasashe masu zafi

Misalin Filifin ya nuna cewa noman yanar ba ya buƙatar manyan injuna: ƙananan masu sana'a na yin sa da faranti, da sukari, da ruwan khal, da iri mai kyau. Ruwan rake da mangwaron da ya nuna ya wuce sayarwa duk abinci ne ga wannan bakteriya. Amma tana son ɗumin digiri 30, kuma aikinta na raguwa sosai idan zafi ya haura 35, ke nan a wuraren da bazara ke wuce digiri 40 sai an sanyaya ɗaki. Wanki ma na cin ruwa mai tsabta da yawa.

Tsakanin yanar abinci da ta asibiti akwai tazara mai nisa. Wadda aka girba a gida, kamar ta saman kombucha, cike take da bakteriya da yis da tsami, kuma ba a ɗora ta a kan ƙuna ko gyambo. Bandejin da ake sayarwa an wanke shi, an kashe duk ƙwayar da ke ciki, an gwada shi, an rufe shi a ƙunshin da iska ba ta shiga. Wanda ya ƙone kuwa, abin da ya kamata a fara yi masa shi ne zuba ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi a wurin na tsawon minti 20, sannan a kai shi wurin likita.